Gadona Yana Sama

Litinin, 8 ga Mayu 2006, da hantsi

Tun ranar da fiyano ya bar gidan nan nake son in zauna in rubuta, sai yau na samu. Asabar ce, ana gobe Ista. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, mijina Shekari ya fito da shi a rungume, ya naɗe shi da tsohon bargo, ya miƙa wa ɗan acaba. Na ɗauka gyara za a kai shi. Da la'asar sai ga shi ya dawo tare da Emenike, mai situdiyon nan na Sabon Gari, suna sauke kwalaye. Kwamfuta ce. Musanya suka yi, kuma ba wanda ya shawarce ni.

Ba kayana ba ne, na sani. Amma a gaban wannan fiyanon na fara ganin mijina, a coci, ina jan waƙa yana bina. Ni mai dogon numfashi ce, nakan tsaya inda bai kamata a tsaya ba. Duk makaɗan da na sani sukan wuce su bar ni. Shi kuwa sai ya riƙe hannunsa na hagu a wuri ɗaya, ya jira ni. Ba wanda ya taɓa lura sai ni. A littattafan da nake karɓowa haya a kasuwar Samaru, ido ake haɗawa a faɗa soyayya, ko a yi karo a bakin laburare littattafai su zube. Ni jira aka yi mini, na auri mutum.

Shekari ya ce kada in damu, akwai fiyano ɗari a cikin akwatin nan, da ganguna da sarewa da duk abin da nake so. Na tambaye shi ina madannan. Ya nuna mini linzamin kwamfuta, yana jera wasu ƙananan tubala a allo, ɗaya bayan ɗaya, su ne wai kiɗan. Ya ce hannu ɗaya ma ya isa. Ya sake faɗa da Emenike zai tafi.

Laraba, 10 ga Mayu, da yamma

Mun je situdiyo ɗaukar waƙar Inna. Ita ta ƙirƙire ta a Wusasa tun ina goye, kuma da ita aka raka ta kabari. Shekari yana so ta zama ta farko a faifan da yake haɗawa.

Na yi amshi sau ɗaya, na buɗe baki zan maimaita, ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi wai ya isa. Na ce ai sau da yawa ake yin sa. Emenike ya ce kwamfuta za ta kwafa ta liƙa a duk inda ake so, in je in huta. Na ce ban gaji ba. Suka yi dariya. Da can mukan wuni a ɗakin nan, in na kuskure mu koma farko mu biyu. Yau ko ruwan da aka sayo mini ban shanye ba aka sallame ni.

A bas muna dawowa, kwandasta ya miƙo wa Shekari canji ta hagu, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya karɓa da dama.

Juma'a, 12 ga Mayu, da azahar

Abin kunya, amma zan rubuta. Jiya ya fita sayen man janareta ya bar abin saurare a kan tebur, wata murya tana fita ƙasa-ƙasa. Na sa a kunne. Mace ce, muryarta siririya kamar zare, tana rera waƙar uwata. Kafin ya dawo na gama ƙera ta a kaina: doguwa, ɗaliba, mai dara-daran idanu, tana zuwa situdiyo bayan an sallame ni. Har na zaɓi jakar da zan zuba kayana.

Ya same ni ina kuka. Da ya gane, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Tabi, ke ce fa. Ɗaga ki na yi sama.” Ya ja wani abu a allo, muryar ta sauko ta zama tawa, ya mayar, ta koma waccan. Ya ce irin wannan ake so yanzu, in saurari abin da ke tashi a shagunan kaset. Ya ce littattafan nan za su ƙarasa ni.

Na yi dariya ni ma. Amma har yanzu ba na son yarinyar.

Lahadi, 14 ga Mayu, da safe

Ni na ɓalla masa maɓallan hannun riga. Gajiya ce, in ji shi.

Lahadi, bayan coci

Yau ma Shekari ya bar wa wani yaro, Wisdom, fiyanon coci, shi ya zauna a baya wajen lasifika. Ya gaya wa dattawa aikin faifai ne ya sha masa kai. Wisdom yana kiɗa kamar ana binsa da sanda. Mawaƙa suka yi ta waiwayen Shekari, shi kuma yana ta murɗa wata waya da ba abin da ya same ta.

Alhamis, 18 ga Mayu, da la'asar

Faifai ya fito. Hotona ne a bango, an haska ni har ban gane kaina ba. Shekari ya raba wa ɗaliban gidanmu kyauta don su yaɗa.

Na je karɓo littafi na uku na labarin da nake bi, mai shago ya ce wata ta tafi da shi hutu. Na bar yarinyar labarin a tasha da akwati, ban san ko ta shiga mota ba.

Asabar, 20 ga Mayu, da hantsi

Ina wanki a bakin famfo, Busola, ɗaya daga ɗaliban gidanmu, da ƙawayenta suna shanya kaya suna rera waƙar, suna ta ƙyalƙyala dariya. Busola a Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Da farko na ji daɗi. Sai ta ce, “Anti, wannan waƙa tamu ce. Duk wadda aka ba gadon sama a hostel ita take rerawa yanzu. Gadona yana sama, kada kowa ya hau mini.”

Ban gane ba sai da na shiga ɗaki na sa faifan.

Inna cewa take yi gadona yana sama, gadon da ake ci, wanda uba ke bar wa ɗansa. Takan ja shi, gaaado, har sai ya cika baki. A rubuce duk ɗaya ne da gadon kwanciya, a baki ne suke rabuwa. Kwamfuta ta datse shi don ya shiga tsakanin ganga da ganga, ta kuma ɗaga ƙarshensa. Yarinyar nan mai siririyar murya cewa take yi abin kwanciyarta yana sama. Kuma da yake amshi ɗaya aka kwafa, haka take faɗa daga farkon waƙa har ƙarshe, ba ta ko gajiya.

Na zauna a ƙasa. Wankin yana can har rana ta juya.

Asabar, da yamma

Da na nuna wa Shekari, ya ce kowa ya san abin da ake nufi. Ya ce a garinsu ba a wannan jan kalma, mu mutanen Wusasa ne da iyayi. Ya ce ai talla ce ma, tunda ɗalibai suna rerawa. Na ce uwata ba waƙar katifa ta yi ba. Na ce da yana kan fiyano da ya jira ni kalmar ta fita.

Ya tura hannunsa cikin aljihu ya fita. Bai kamata in faɗi wannan ba.

Talata, 23 ga Mayu, da safe

An ɗauke wuta tun jiya, janareta kuma ba mai. Fiyano ɗari suna zaune a akwati shiru.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Mama Bibiana ta aiko in je gidanta a unguwar Jushi. Ita ce shugabar Zumuntar Mata, kuma ita ta tsaya a matsayin uwar Shekari ranar aurenmu, don tasa ta rasu. Ko a gabana in ta ce masa zauna, zama yake yi.

Ta ba ni kunun zaki, ta tambayi gida, ta kalli cikina kamar kullum. Sannan ta ce ana babban taron mata ranar goma ga Yuni, daga majami'u da yawa, kuma tana so a buɗe da waƙar Inna. Ta ce jikarta ta sa mata faifan.

“Wace ce wannan mai kukan sauro?” in ji ta.

Na ce ni ce, Mama.

“Ke ce? To, ni na san uwarki, tare muka buga tulun kiɗa a Zumunta. A tarona ba za a kunna wannan ba. Mijinki zai zauna a fiyano, ke ki tsaya kusa da shi, kamar ranar bikinku. Ki gaya masa ni na ce.”

Na ce to. Duk hanya ina cewa to a raina. Na sauka a bas na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, da azahar

Na gaya masa. Ya ce akwai dabara: zai cire muryar daga waƙar, ya sauko da kiɗan daidai wuyana, in rera a kai, Mama ba za ta damu da inda kiɗa ya fito ba in ta ji ni. Muka gwada. Na shiga daidai, na kai wurin kalmar, na ja ta yadda take, kafin in rufe baki ganga ta yi gaba. Na bi ta da gudu. Muka sake. Muka sake. Ya ce in daina numfashi a tsakiya. Na ce to a ina zan yi?

Ya rage saurin, sai waƙar duka ta zama kamar ana jan akuya. Abin ba sauri ba ne. Wuri ɗaya ne kawai nake so a jira ni, kuma ba kullum wuri ɗaya ba.

Da ya miƙe ya cire riga don zafi, na sake ganin tabon nan a bayan damtsensa. Ya fi sauran jikinsa haske. Ya ɗan faɗaɗa. Wataƙila makero ne. Busola ma tana da shi a wuya.

Lahadi, 28 ga Mayu

Makero ne.

Litinin, 29 ga Mayu, da safe

Ana hutu, kowa yana gida. Ya zauna a bakin katifa ya kira ni da cikakken sunana, Tabitha, abin da ba ya yi. Ya ce taimako ɗaya zan yi masa. In je in gaya wa Mama muryata ta dishe, likita ya hana ni waƙa. In babu mai rerawa, babu zancen fiyano. Sai a kunna faifai, in tsaya da makirfo a kashe ina motsa baki, ko kuma a bar waƙar gaba ɗaya.

Na tambaye shi don me. Ya ce shi ya wuce zamanin danna fiyano, kowa yana komawa kwamfuta, ba zai koma baya don tsofaffi ba. Yana faɗa yana kallon taga.

Na ce ban iya yi wa Mama ƙarya ba, tana gani a fuskata. Ya ce to in yi ƙoƙari.

Laraba, 31 ga Mayu, da la'asar

Na sayo ƙanƙara wajen mai sayar da zoɓo, na tauna har haƙorana suka daina ji. Na yi wanka da ruwan randa na zauna a iska da jiƙaƙƙen kai. In muryar ta dishe da gaske, ba ƙarya na yi ba.

A littattafai mace takan rufa wa mijinta asiri har shafi na ƙarshe, sannan kowa ya taru yana neman gafararta. Ban taɓa karanta wadda ta tauna ƙanƙara ba.

Alhamis, 1 ga Yuni, da safe

Muryar tana nan garau. Ciwon kai kawai na samu.

Juma'a, 2 ga Yuni, da yamma

Na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kifi, ƙafata ta kai ni situdiyo. Fiyanonmu yana jingine a bango. Wurin da fenti ya goge a gefen hagu, inda tafinsa ke zama, yana nan.

Emenike ya ce ashe na yi kewar fiyanon. Ya ce shi tun farko bai so musanyar ba, don kwamfutar ce ke jawo masa ɗalibai masu waƙar zamani, fiyano kuwa yana da wani. Shekari ne ya yi ta zarya yana roƙo, wai madam ta gaji da ƙara a gida, tana so a sami abin da ake ji a kunne kawai.

Na ce haka ne. Na ji bakina yana cewa haka ne.

Ya ce Mama Bibiana ta aiko a ba da aron sa don taro, tunda na coci ya tsufa, gobe zai sa a kawo mana gida Shekari ya saba hannu. Sannan ya rage murya ya ce, “Madam, mijinki a Zariya duka babu mai hagu irin tasa. Kwamfuta kowa zai iya koya. Ki bar shi ya riƙa kaɗawa ko kaɗan ne.”

Na manta kifin a kan kujerarsa.

Asabar, 3 ga Yuni

Fiyano ya dawo. Yana kan tebur kusa da kwamfuta, a rufe. Muna zagaye shi kamar baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba.

Litinin, 5 ga Yuni, bayan azahar

Na ce zan je kasuwa, na kai bakin titi na tuna ban ɗauki lema ba, ga hadari. Ina isowa ƙofa na ji shi. Hannun dama yana tafiya lafiya lau, waƙar Inna, a hankali. Na tsaya ina jiran hagu ta shigo. Ta shigo da sauti biyu maimakon uku. Ya sake. Wannan karon wani yatsa ya faɗa inda ba a aike shi ba ya zauna a can. Ya sake. Sai shiru.

Na shiga. Bai ɓoye hannun ba, ya makara. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, tsokar gefen tafin ta faɗa. Na daɗe da gani, a wajen cin abinci, a wajen ɗaura agogo. Yau ne kawai muka gani tare.

Na ce mu je asibiti. Ya ce wane asibiti. Na ce ya sani, wanda ke bayan gari. Na ce na ji a rediyo ana warkewa, magani kyauta ne, in an je da wuri abin yakan tsaya inda yake.

Ya ce, “In aka gan ni a ƙofar wurin nan, an gama. Wa zai ba ni hannu a coci? Wa zai sha a kofin da na sha? Ke ma masu gidan nan za su hana ki taɓa famfo.”

Na ce wataƙila ma ba shi ba ne.

“In ba shi ba ne, zai wuce da kansa.”

Ya ce in yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ban ce na yi ba, ban ce ban yi ba. Na riƙe hannun. Yana da sanyi, kuma sai da ya duba sannan ya san na riƙe.

Akwai kalmar da ba mu faɗa ba. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Talata, 6 ga Yuni, da safe

Na wanke kofinsa daban. Da na lura da abin da nake yi, na zuba ruwa a ciki na sha. Na sake sha.

Talata, da yamma

In na yi ƙaryar, taro zai wuce, ba wanda zai sani. Wata mai zuwa sai a sake wata ƙaryar. Zai ci gaba da jera tubalansa da hannu ɗaya, mutane su ce ya waye. Ɗayan kuma yana cikin aljihu yana lanƙwashewa.

In na faɗa, ban san ko zai sake kallona ba. Mama ba ta yawo da magana, amma Mama ba ta kuma yin shiru ta zauna. Za ta zo da kanta ta ce tashi mu tafi, kuma zai tashi. Ni ba zai tashi don ni ba, na gwada.

Littafi na uku ya dawo, mai shago ya aiko mini da shi. Yana nan ban buɗe ba.

Laraba, 7 ga Yuni, da hantsi

Ina dama koko, ya shigo kicin yana ba ni labarin wani sabon sautin ganga da ya samo. Ya jingina da teburin risho yana magana, yana dariya. Ni na fara jin ƙauri. Gefen hannunsa yana kan murfin tukunyar da na sauke yanzu-yanzu. Ya ci gaba da labarin gangar har sai da na fizge shi.

Fatar ta tashi fari. Ya dube ta kamar ta wani ce. Ya ce ba zafi, kada in damu, ba zafi ko kaɗan. Yana faɗa don ya kwantar mini da hankali.

Na ɗaure masa da tsumma mai tsabta. Hannun yana kwance lafiya.

Alhamis, 8 ga Yuni, da safe

Na gaya masa yana karyawa, don kada ya ji a bakin wani. Na ce ba zan motsa baki a gaban mata ba, ba zan ce muryata ta dishe ba. Na ce yau zan je Jushi in faɗa wa Mama abin da ya sami hannunsa, duka, har da wurin nan na damtse.

Ya ajiye cokali. Ya ce in na fita da wannan maganar, in san cewa ni na fita da ita. Na ce na sani. Ya shiga ɗaki ya sa abin saurare a kunne.

Na ɗora masa abincin rana, na rufe. In na gama wanka zan tafi.